Tiyon Birkin Kawu

A tashar Badagishiri, in ana yabon mota, ƙarfinta ake yabo. A ce wance tana ɗaukar buhu kaza, tana hawan dutsi ba ta tari, ta ƙetare ƙorama ranar da sauran motoci suka kwana a bakin ruwa. Direbobi na gardama kan inji, ƴan kamasho na gardama kan lodi, mu fasinja kuma abin da ya dame mu kuɗin mota da wurin zama. Tun tasowata ban taɓa jin an yabi mota don ta iya tsayawa ba. Birki ba a tuna shi sai ranar da ya ƙi, ranar nan kuwa kalma guda ake faɗi: ya tsinke.

Ƴan'uwa ɗalibai, a kan wannan tsinkewa nake so in yi magana, don na ga inda take farawa. Bakansin shekarar 2023, maimakon zaman fada da shan shayi, an kai ni garejin wani abokin kawuna in riƙa miƙa kile ina wanke ƙarafa da gazuwal. A cikin wata ukun nan aikin da ya fi zauna mini a rai shi ne canjin birkin gaba na motar Kawu. Abin da na koya a ciki gajere ne: manyan ƙarafa ake saye da kuɗi masu yawa, amma ran mutane yana rataye ne a wani ɗan mahaɗi da bai kai kan yatsa ba.

Motar Kawu tsohuwar Toyota Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake ce wa 45. Gidan su 40 da 45 an fara ƙera su a 1960, aka daina a Japan a 1984, ita kuma tamu ta fito ne a ƙarshen shekarun 1970. Ta girmi Kawu a aure, ta girme ni nesa ba kusa ba. Aikinta bin kasuwannin karkara: ta kwaso mutane da hatsi da awaki daga ƙauyukan bisa dutsi, ta sauko da su gari ranar kasuwa, da marece ta mayar da su da gishiri da sabulu da buhunan siminti. Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san hanyoyinmu. Ka yi ta tafiya bisa faƙo mai tsakuwa, sai kwatsam hanya ta karye ta gangara kwari, a ƙasan gangaren kuma ga ƙorama tana jira. Mutanen da ke zaune bisa buhunan nan ba baƙi ba ne. Innata tana ciki kusan kowane mako, da gwaggona, da matan da suka goye ni.

Motar ta zo da birkin ganga a ƙafafu huɗu, wanda makanikai ke kira tambur. A cikinsa takalma biyu ne ke buɗewa su goga jikin gangar daga ciki. Birki ne mai ƙarfi in an daidaita shi, amma yana da halaye uku da direban dutsi ba ya so. In an daɗe ana taka shi a gangare, zafi ya taru a cikin gangar, sai ya yi sanyin jiki. In an ratsa ruwa, ruwa da laka su shige ciki, sai an yi tafiya kafin ya dawo hayyacinsa. Sannan a wannan mota kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, kowane da hannu ake daidaita shi, in ɗaya ya ɗara ɗaya sai mota ta riƙa fizgar bolan zuwa gefe guda. Birkin diski kuwa faifai ne a fili, wani ƙarfe da ake kira etiriye yana matse shi daga gefe biyu kamar yadda awartaki ke kama ƙarfe a maƙera. Iska na busa shi, ruwa ba ya zama a kansa, shi yake daidaita kansa. Gaban mota kuma shi ke ɗaukar kaso mafi yawa na aikin tsayawa, don in an taka birki nauyi gaba yake zubowa. Shi ya sa da damina ta kama, bayan motar ta ba shi tsoro sau biyu a gangare guda, Kawu ya ce a mayar da gaban diski.

Ba sabon abu ba ne. Land Cruiser 60, wadda ta fito a 1980, tana da diski a gaba, kuma gwiwar ƙafarta tana zama a kan pon ɗin 45. Kawu ya samo gwiwoyin biyu da faifansu da etiriyensu a wurin masu sayar da kayan matattun motoci a Tawa. Kwana biyu muka yi muna kwance tsofaffin, muna wankewa, muna cusa giris, muna ɗaurawa. Da faifan nan suka hau, yara suka taru suna kallo, Kawu ya sayo mana tsire. A ganinsa aiki ya ƙare. Saura kwana biyu kasuwa.

Sai dai wanda ya kwance kayan daga matacciyar motar bai tsaya kwance tiyo ba, zarto ya sa ya datse. Tsakanin tiyon da ke kwance bisa pon da bakin etiriye sai ga tazara, ba ta fi taƙi guda ba a kowane gefe. A nan aikin gaskiya ya soma.

Bari in tuna muku darasin fizik da da yawanmu muka haddace don jarrabawa kawai. Blaise Pascal, mutumin Faransa na ƙarni na 17, ya nuna cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Birkin mota a kan wannan ya ginu. Ka taka fedal, famfon birki ya tura mai cikin siraran tiyo na ƙarfe masu kaurin milimita 4,75, man ya isa ƙafafu ya tura fistan. Tayar mota iskar kilo biyu zuwa huɗu ake sa mata. A cikin tiyon birki kuwa, in direba ya taka da ƙarfi don wata jaka ta faɗo hanya, matsin kan kai kilo 70, har 100. Ma'anar maganar Pascal a nan ita ce, matsin da katon etiriye ke ji, shi ɗan mahaɗin nan yake ji, ba ragi. Man ba ya zaɓen wuri. Inda ya sami rauni, nan zai fita. A aji ban ga abin tsoro a cikin wannan ƙa'ida ba sai da na kwanta ƙarƙashin mota.

To mahaɗin kansa, wanda ake kira rakor, yaya yake riƙe mai? Mutane da yawa suna zaton haƙoran noti ne ke toshe man. Ba su ba ne. Noti turawa kawai yake yi. Bakin tiyon ne ake buɗawa a ba shi siffa, noti ya danna shi a kan mazauninsa a cikin rami, ƙarfe ya kama ƙarfe. Siffar bakin kuwa ba ɗaya ba ce a duniya. Motocin Japan irin su Toyota bakin tiyonsu a buɗe yake kamar mazurari, an ninka leɓensa ciki ya zama biyu, a ƙasan ramin kuma akwai ɗan tsini da mazurarin ke hawa. Motocin Turai irin su Peugeot bakin nasu kumbura shi ake yi kamar ƙaramar albasa, ya zauna a cikin rami mai kwarmi. Abin da ke ruɗin mutane shi ne notin duka biyu haƙoransu iri ɗaya ne: kauri milimita 10, tsakanin haƙori da haƙori milimita 1. Na Peugeot yana shiga ramin Toyota sumul har ƙarshe.

Akwai na uku, na tsofaffin Land Rover na Ingila, da aka auna da inci. Kaurinsa 3/8 na inci, wato milimita 9,5, haƙora 24 a kowane inci, wato tsakaninsu milimita 1,06. Da ido ba ka raba shi da mai milimita 10. Yana shiga ramin, yana juyawa, yana ma ɗaurewa, amma bakin haƙoran kawai ya kama. Irin wannan muka tarar a jikin motar Kawu, a mahaɗin da ke raba mai hagu da dama bisa pon. Wani makaniki a wata shekara, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya sa shi ya naɗe da zare. Ubangidana ya kwance shi da yatsu biyu bayan juyi ɗaya na kile. Ya ɗora shi a kan notin Toyota, haƙori cikin haƙori, ya ɗaga su sama wajen haske ya ce in duba. Haƙora ukun farko sun haɗu, daga na huɗu haske ya fara ratsawa. Ya ce, “Ɗan lakwal, ka gani? Shekara nawa innakka tana bisa wanga abu.”

Kawu ya tafi ya dawo da tiyo biyu da ya ciro daga wata matacciyar 504 a bayan tasha, masu kyau, ba tsatsa. Ya murɗa ɗaya a bakin etiriye da hannunsa, ya shige har ƙarshe.

“Malam, ga shi ya shiga. Ɗamre muna mu tahi.”

“Alhaji, shiga daban, zama daban. Wanga tiyon Peugeot na.”

“Mi ar ruwan mai da sunan mota? In ka ɗamre shi da ƙarhi ba ya zuba.”

Ubangidana bai yi musu ba. Ya ɗauki kile ya ɗaure shi tamau, ya sake kwancewa, ya miƙa wa Kawu bakin tiyon. Albasar nan ta lotse gefe guda, tsinin ramin ya cije ta a karkace, ga wani ɗan layi siriri kamar gashi ya fara bayyana a leɓen.

“In na bar shi haka, yau shina riƙewa. Gobe ma shina riƙewa. Ranad da za ya saki ce ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Amma na san wurin: inda ka taka da ƙarhi, nan za ya saki. Ina ne kake takawa da ƙarhi, Alhaji?”

Kawu bai amsa ba. Kowa a garejin ya san gangaren.

Gareji ba ya rasa masu ba da shawara, kuma kowa da dabararsa ya zo. Wani ya ce a samo tiyon jan ƙarfe wurin mai gyaran firiji, yana da laushi, yana lanƙwasuwa yadda ake so. Gaskiya ne yana da laushi, amma jan ƙarfe zalla in ana girgiza shi kullum taurarewa yake yi har ya tsage, hanyarmu kuwa girgiza ce tun daga fita har dawowa. Akwai wani tiyo na jan ƙarfe gauraye da nikel da aka yi musamman don birki, wanda kamfanin Volvo ya fara sa wa motocinsa a 1976, amma ba shi ne na firiji ba, ko da launinsu ya yi kusa. Wani ya ce a haɗa guntayen da rakor ɗin masu aikin famfon ruwa, mai ɗan zobe a ciki. Wannan zoben cizon bayan tiyo kawai yake yi, an yi shi don ruwan gida, matsin birki na iya fizge tiyon daga cikinsa. Wani ya ce a naɗa farin tef ɗin nan a haƙoran. Tef ba ya gyara bakin da bai zauna ba, tunda ba haƙora ke riƙe man ba, guntunsa ma in ya shiga ciki sai ya toshe wata kafa. Ubangidana yana da abin buɗa bakin tiyo, amma na leɓe ɗaya ne, ɗan ƙarfen da ke ninka leɓen ya ɓace tun ban zo ba. Leɓe ɗaya a tiyon ƙarfe tsagewa yake yi. Ya ce shi ba zai sa hannunsa ba.

Kada ku ɗauka Kawu mutum ne marar tausayi. Ku dubi lissafinsa. Ya ci bashi ya sayi faifan nan. Ranar kasuwar Badagishiri ita ce ranar da motar ke ciyar da gida har mako ya zagayo, ita ke biyan direba da aparanti, ita ke sayen gazuwal. In mota ba ta fita ba, matan da suka saba shiga tasa za su shiga ta wani, wasu ba za su dawo ba. Ga shi lokacin damina ce, rumbu ya yi ƙasa. Ga kuma abin da ya faru bayan 26 ga Yuli na shekarar: iyakarmu da Najeriya a rufe take. A da, abin da aka rasa a Ƙonni, sai a hau kabu-kabu a leƙa Illelar Najeriya, ba tamu ta nan kusa ba, ko a aika Sakkwato a kawo kafin dare. A watan nan kuwa kowane ɗan ƙarfe ya yi tsada, ya yi wuyar gani. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ga noti ya shige sumul, zuciyarsa za ta ce masa ya isa. Araha da gaggawa ba wauta ce ke kawo su ba, sau da yawa babu ce.

Ubangidana ya ce, “Alhaji, ko ka kai ta wani gareji, ko ka ba yaron ga kuɗɗin mota ya tahi Ƙonni.” Kawu ya yi shiru har na zaci zai kira a ja motar. Daga baya ya zaro jikka goma ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Kafin in tafi, ubangidana ya ɗauki waya mai kauri ya lanƙwasa ta daidai hanyar da kowane tiyo zai bi, daga baki zuwa baki, ya yanke. Waya huɗu: biyu dogaye na bisa pon, tunda tsofaffin sun ci tsatsa, biyu gajeru na bakin etiriye. Ya kwance etiriye guda ya sa mini a buhu. Ya ce, “Kak ka yarda da bakin mai kanti. Duk abin da anka ba ka, gwada shi nan, da hannu, ba da kile ba.”

Na bi hanyar Tsarnawa na isa Birnin Ƙonni da hantsi, buhu a kafaɗa. Kanti biyar na shiga. A uku an miƙo mini tiyon Turai an ce ai duk ɗaya ne. A ɗaya an ba ni tiyon roba wanda da na lanƙwasa shi sai ga bayansa ya yi tsaga-tsaga kamar ƙasar tabki da rani. A na biyar na sami na roba sababbi, masu rubutun J1401 a jiki, lambar da ke nuna an yi su bisa ƙa'idar tiyon birki, bakinsu kuma da tsinin nan a ciki. Mai kantin ne ya kwatanta mini wani dattijo da ke da abin ninka leɓe. Na same shi ana shirin hadari. Ya dubi wayoyina, ya dubi etiriye, ya ce, “Wa ya aiko ka, ɗana?” Na faɗa masa. Ya ce, “Ubangidanka ya san aiki. Amma sai da sahe, ba ni buɗa bakin tiyo cikin duhu.” Na ce, “Baba, gobe kasuwarmu.” Ya ce, “Kasuwa tana dawowa.”

Na kwana gidan wata gwaggona. Da safe na tsuguna ina kallonsa. Ya yanka tiyon ƙarfe da ƴar na'ura mai zagayawa, ba da zarto ba. Ya kankare bakin ciki da waje har ya yi santsi. Ya zura noti tukuna, don in an buɗa baki noti ba ya shiga kuma. Ya matse tiyon a cikin maƙama, ya sa ɗan ƙarfen nan ya danna har bakin ya kumbura, ya cire shi, ya sa mai tsini ya danna leɓen ya ninku ciki. Baki takwas ya yi, biyu ba su gamshe shi ba, ya yanke ya sake. Sannan ya lanƙwasa kowane tiyo a jikin wata tsohuwar fuli, a hankali, yana gwada shi da wayata, don in tiyo ya karye a lanƙwasa hanyar mai ta ƙuntata. Duk aikin da kayan bai kai kuɗin taya ɗaya ta hannu ba.

Na iso gida bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Motar Kawu tana bisa duwatsu ba ƙafafun gaba, motocin wasu suna wucewa ta gabanta da fasinjanta. Innata ma a wata motar ta zo ta koma. Kawu bai zo garejin ba ranar nan, bai zo washegari ba.

Mu kuwa muka ci gaba, don sa tiyo ma da nasa sharuɗɗa. Kowane noti da hannu ake fara murɗa shi har ya kusa ƙarshe, sannan kile 10 ya ƙarasa, ba a yi masa ƙarfin ɗaurin taya. Tiyon ƙarfe sai an kama shi da maƙalai a jikin pon, in an bar shi yana rawa zai gaji a bakin noti. Tiyon roba ba a murɗe shi, layin da ke jikinsa shi ke nuna ko ya miƙe. Ubangidana ya sa na juya bolan har ƙarshen hagu, har ƙarshen dama, yana zura hannu yana duba ko robar ta ɗame ko tana gogar taya. Ya ɗaga motar ta shasi har pon ya rataya, don ya ga ko tiyon da ya sauko daga shasi yana da sauran sako-sako, tunda a ramukan hanya haka pon ke faɗawa. Ya duba ɗan bakin fitar da iska na kowane etiriye yana sama, don in an musanya na hagu da na dama sai ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa, ba za ta fita ba har abada. Sannan ya buɗe bakin famfon birki na layin gaba ya ciro wani ɗan bawul. Aikinsa ya bar ɗan matsi a cikin layi ko an saki fedal, abin da tambur ke so. Diski ba ya so: in an bar shi, faifai ya riƙa gogawa yana zafi.

Muka zubar da tsohon mai duka, baƙi ƙirin kamar shayin farko. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya haura digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, in kuwa ya tafasa a gangare sai fedal ya tafi ƙasa ba komai. Shi ya sa ba a sayen na kwalbar da aka buɗe aka ajiye. Ni ne a kan fedal. “Pompa! Riƙe! Saki!” Tun daga ƙafar da ta fi nisa da famfo har mafi kusa, sai da kumfa ta ƙare. Daga nan ya ce in taka da duk ƙarfina in riƙe, yana ƙirga har sittin, yana bin kowane mahaɗi da guntun takardar siminti busasshiya. Fedal bai motsa ba. Takarda ba ta jiƙe ba.

Kwana na uku Kawu ya zo. Aka gwada motar ba kaya a hanyar jar ƙasa, aka duba ko ƙafafun baya suna riga na gaba kullewa, aka sake bin mahaɗan da takarda. Sannan aka loda buhunan yashi aka nufi gangaren, shi da kansa a bolan. Ya taka a tsakiya, motar ta tsaya miƙe, ba ta fizga ba. Ya sake takawa a ƙasa. Da muka dawo bai ce an kyauta ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce wa ubangidana, “Malam, in an samu sarari, a duba na bayan ma.” Biyu daga cikin matan da suka koma wata mota ba su dawo ba har yau. Bashin faifan sai bayan kaka ya biya shi.

Daga ranar har na koma lakwal, har yanzu da nake rubutun nan, ba abin da ya faru. Motar tana hawa tana sauka. Wannan ne wahalar aikin birki: in ya yi kyau ba ya da labari, ba wanda zai zo ya ce ga ranar da ka cece ni. Asarar kasuwa guda kowa ya gan ta, an ƙirga ta da jikka. Abin da aka tsare ba ya ƙirguwa.

Amma tun daga lokacin, in na ji an ce mota ta faɗi, birki ya tsinke, ba na iya tsayawa a kan kalmar. Tsautsayi gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai ina tambayar kaina, a ina ya tsinke? A robar da ta tsufa? A tiyon da ke gogar ƙarfe shekara biyu? A notin da ya yi kama da na wurin? Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Motocinmu tsofaffi ne, kuma za su daɗe tare da mu, kowace an haɗa ta da gaɓoɓin Japan da Faransa da Ingila, wasu sun zo ta Kwatano, wasu ta Sakkwato. Wannan haɗe-haɗe gwaninta ce, da ita ƙauyukanmu ke zuwa kasuwa. Amma tana buƙatar wanda ya san inda kama take ƙarewa.

Mu da muka yi karatun milimita da inci, muna da abin da za mu ƙara a nan, in ba mu raina garejin ba. Ubangidana bai san sunan Pascal ba, ni kuma ban san akwai bakin tiyo iri biyu ba. Da yawanmu ƴaƴan direbobi ne, ko ƙannensu, ko aparanti a lokacin bakansi. Ba sai kun zama makanikai ba. In motar gidanku ta shiga gyaran birki, ku tsuguna ku duba. Ku tambaya tiyon daga wace mota ya fito. Ku ga bakinsa da ramin da zai shiga kafin a ɗaura. Ku lanƙwasa robar ku ga ko ta tsage. Ku sa a juya bolan hagu da dama kuna kallo. In an gama, ku nemi guntun takarda busasshiya, wani ya taka fedal ya riƙe, ku bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. In takardar ta jiƙe ko da ɗigo ɗaya ne, kada motar ta ɗauki kowa.